Shin Hasken Leza Mai Sanyi Zai Narkar Da Kaurin Jijiyar Ƙafata?

Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce 'yar shekara 46, kuma aikina na tsayuwa ne tun daga safe har yamma. Kusan shekara guda ke nan ina jin kamar akwai tsakuwa a cikin takalmina na dama, daidai gindin yatsa na uku da na huɗu, amma idan na cire takalmin na zazzage ba na ganin komai. Daga baya abin ya koma zugi mai kama da ƙuna, wani lokaci kuma yatsun biyu su mutu, ba na jin su. Likitan da ya duba ni ya matsa ƙafar, ya ce jijiyar da ke tsakanin yatsun ce ta yi kauri. Ya ce in sauya takalmi, idan hakan bai yi ba a yi mini allura, idan ita ma ba ta yi ba sai tiyata. Ina tsoron allura, tiyata kuwa ko sunanta ba na son ji. Ana cikin haka na ji labarin wata cibiya da ke magani da hasken leza mai sanyi. Sun ce babu yanka, babu zafi, kuma zama goma sha biyu zai narkar da kaurin gaba ɗaya, sai dai dole in biya kuɗin duka zaman kafin a fara. Shin maganarsu gaskiya ce? In biya ko in haƙura?

Daga wata 'yar'uwa mai bibiyar wannan fili.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, sannu kuma da juriya, domin shekara guda ana taka ƙafa mai zugi a wurin aikin da ba a zama ba ƙaramin abu ba ne. Amsata a taƙaice ita ce kada ki biya kuɗin zama goma sha biyu a dunƙule. Hasken leza mai sanyi yana iya rage wa wasu mutane raɗaɗi na ɗan lokaci, kuma haɗarinsa kaɗan ne idan yana hannun wanda ya san aikinsa, amma ba ya narkar da kaurin jijiya, ba ya kuma kawar da matsin da ya haifar da kaurin tun farko. Zan yi miki bayanin dalili dalla-dalla, saboda ina so ki yanke shawara da sani, kada tsoron allura ya yanke miki ita.

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar abubuwa da yawa, har da hanyar jini da kuma igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, don haka bari mu fayyace wadda ake nufi a nan. Jijiyar da ke damun ki ita ce mai ɗaukar saƙon ji daga yatsu zuwa ƙwaƙwalwa. A gaban tafin ƙafa akwai dogayen ƙasusuwa biyar da ke jere, kowanne yana ƙarewa da kai mai kauri a gindin yatsa, kuma akwai wani tantani mai ƙarfi da ya ɗaure waɗannan kawunan wuri guda don kada su baje. Jijiyoyin ji suna bi ta ƙarƙashin wannan tantani, tsakanin kawunan ƙasusuwan, sannan kowacce ta rabu biyu ta shiga gefen yatsu biyu masu maƙwabtaka. Duk lokacin da kika ɗaga dunduniya don ki yi taku, nauyin jikinki yana sauka a daidai wannan wuri, yatsu su lanƙwashe sama, jijiyar ta miƙe ta gogi bakin tantanin. Idan takalmi ya matse gaban ƙafa, ko dunduniyarsa ta yi tsawo har ta tura nauyi gaba, sai ƙasusuwan su riƙa danne jijiyar ta gefe alhali tantanin yana danne ta ta sama. Jiki yana mayar da martani ga wannan guga ta yau da gobe kamar yadda yake yi a ko'ina, wato ya tara nama mai tauri irin na tabo a kewayen jijiyar. Jijiyar da ta yi kauri ta fi buƙatar fili, filin kuma bai ƙaru ba, saboda haka gugar ta ƙaru, kaurin ma ya ƙaru.

Likitoci suna kiran wannan larura niyuromar Morton, da sunan Thomas George Morton, wani likitan tiyata na birnin Filadelfiya a Amurka da ya yi rubutu a kanta a 1876, ko da yake Filippo Civinini a Italiya ya bayyana ta tun 1835, Lewis Durlacher kuma a Ingila a 1845. Sunan yana tsorata mutane saboda a yaren likitoci yana kama da sunayen ƙari, amma ki kwantar da hankalinki, wannan ba ƙari ba ne, ba kuma sankara ba ce, ba ya yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki. An fi samun sa tsakanin yatsa na uku da na huɗu, sai kuma tsakanin na biyu da na uku, kuma ya fi kama mata masu matsakaitan shekaru. Bayanin da kika yi na tsakuwar da ba a gani, da ƙuna, da mutuwar yatsu biyu, shi ne ainihin yadda masu wannan larura suke kwatanta ta, kuma yawancinsu suna ƙarawa da cewa idan suka cire takalmi suka murza wurin sai su ji sauƙi.

Matsa ƙafar da likitanki ya yi gwaji ne sananne. Yana matse gaban ƙafar ta gefe biyu da hannu ɗaya, ya danna tsakanin ƙasusuwan da ɗan yatsan ɗaya hannun, idan kaurin ya zame tsakanin ƙasusuwan sai a ji wani ɗan ƙas tare da zafin da mai ciwon ya saba ji. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Mulder ne ya bayyana wannan alama a 1951. A hannun gwani, labarin mai ciwo da wannan gwaji sukan isa a gane larurar. Duk da haka, kafin ki kashe kuɗi a kan kowane irin magani, yana da kyau a tabbatar ba wani abu ne ke kwaikwayon ta ba, domin tsagewar ƙashi ta yawan tsayuwa, da yagewar tantanin gindin yatsa, da kumburin gaɓa, duk suna ba da zafi a wuri ɗaya. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, amma yana taimakawa wajen kore zargin tsagewa da amosanin gaɓɓai. Sikanin na sauti, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ne ke nuna kaurin da girmansa, hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, shi ma yana nunawa. Akwai wani abu da ya kamata ki sani game da waɗannan hotuna: ana ganin irin wannan kauri a ƙafafun mutanen da ba sa jin ciwon komai, don haka hoto kaɗai ba ya yanke hukunci sai an haɗa shi da abin da mai ƙafar yake ji. Idan kuma kina da ciwon sukari, ko kin fara jin ƙuna a ƙafafu biyu lokaci guda musamman da dare, ko zafin yana saukowa ne daga baya ta cinya, to ki faɗa wa likita, saboda waɗannan suna nuni ga wata matsalar jijiya dabam mai magani dabam.

Yanzu mu zo kan leza. Leza haske ne mai launi ɗaya tak da ake tattarawa ya fita a miƙe. Wanda likitocin tiyata suke amfani da shi yana da ƙarfin da zai yanka nama ko ya ƙona shi. Wanda ake kira mai sanyi kuwa rarrauna ne, ƙarfinsa ba ya wuce miliwat 500, wato rabin wat guda, shi ya sa ba ya ɗumama fata har mutum ya ji. Ana amfani da jan haske da kuma wanda ke gaba da ja da ido ba ya gani, domin su ne suka fi ratsa fata. Asalin wannan magani yana komawa ga Endre Mester, likitan tiyata a jami'ar Semmelweis da ke birnin Budafes na ƙasar Hungari, wanda a 1967 yake gwada tasirin leza a fatar ɓerayen da aka aske wa baya, sai ya lura gashin waɗanda aka haska ya fi saurin fitowa. Daga nan ya shiga gwada shi a kan gyambon da ya ƙi warkewa. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, a cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙananan sassa masu samar mata da kuzari, ana kiran su maitokondiriya, kuma wani sinadari da ke cikinsu yana shan wannan haske, sai samar da kuzari ya ƙaru, ƙananan hanyoyin jini su ɗan buɗe, sinadaran kumburi su ragu. An kuma ga cewa hasken yana iya rage saurin saƙon zafi a siraran jijiyoyi na ɗan lokaci.

Ba na cikin masu cewa wannan duk tatsuniya ce, domin akwai wuraren da amfaninsa ya tabbata gwargwado. Ƙungiyoyin masana kula da masu sankara suna ba da shawarar amfani da shi don hana ƙurajen baki masu tsanani da maganin sankara yake jawowa. A 2009 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 16 a kan mutum 820 masu ciwon wuya, aka ga waɗanda aka haska da leza na gaske sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa da na'urar bogi. Amma amfanin magani a baki ko a wuya ba hujja ba ne cewa zai yi aiki a kan jijiyar da ke danne tsakanin ƙasusuwa biyu. A kan niyuromar Morton kanta, binciken da ke akwai kaɗan ne, an yi shi a kan mutane kaɗan, kuma bai kai matsayin da zai sa leza ta shiga jerin magungunan da likitocin ƙafa suka dogara da su ba. Abin da ya fi yawa shi ne rahoton cibiyoyi a kan majinyatansu, ba tare da wani rukuni da aka yi wa da na'ura a kashe don a kwatanta ba.

Wannan kwatanci yana da muhimmanci ƙwarai a irin ciwonki, kuma ina so ki fahimci dalili. Zafin wannan larura yana hawa yana sauka da kansa. Mutum yakan nemi magani ne a lokacin da abin ya fi tsanani, kuma bayan tsanani sauƙi ne ya fi yiwuwa ya biyo ko an yi magani ko ba a yi ba. Bugu da ƙari, wadda ta fara zuwa zaman leza takan sauya takalmi a daidai lokacin, ta rage tsayuwa, ta riƙa lura da ƙafarta fiye da da. Idan ta ji sauƙi bayan wata guda, ita da mai na'urar za su ce hasken ne, alhali yana iya zama takalmin ne ya yi aikin. Ba ina cewa masu ba da shaida ƙarya suke yi ba, sauƙin da suka ji na gaske ne, sai dai shaidarsu ba ta iya nuna mana daga ina sauƙin ya zo.

Kalmar da ta fi damuna a cikin abin da aka faɗa miki ita ce narkarwa. Hasken da ake tallata shi da cewa ba ya ko ɗumama fata ba shi da hanyar da zai narkar da komai. Kaurin da ke ƙafarki nama ne mai tauri irin na tsohon tabo, an gina shi sannu a hankali cikin watanni ko shekaru. Iyakar abin da za a iya fata daga leza shi ne ta rage kumburin da ke kewaye da shi, ta kuma kwantar da jijiyar da ta harzuƙa. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga wadda ke tsaye wuni guda, amma idan aka mayar da ƙafar cikin takalmin da ya matse ta, guga za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Akwai kuma batun isar hasken inda ake so. Fata tana shanye kaso mai yawa nasa tun kafin ya nutsa, fatar tafin ƙafa tana da kauri, fata mai duhu kuma ta fi shan haske saboda sinadarin launin da ke cikinta, don haka adadin da zai kai ga jijiyar ya dogara da irin na'urar, da tsawon lokacin haskawa, da gefen da aka haska. An kuma san cewa a wannan magani yawan haske fiye da kima yana iya rage amfaninsa kamar yadda ƙarancinsa yake yi. Wannan ne ya sa ƙananan na'urorin da ake sayarwa don amfani a gida ba su cika zama abin dogaro ba.

Watakila su nuna miki takarda cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urarsu. Ki karanta abin da aka amince da shi. Izinin da aka ba yawancin irin waɗannan na'urori na rage ƙananan ciwon tsoka da gaɓɓai ne na ɗan lokaci, kuma ana ba da shi ne bisa cewa na'urar ta yi kama da wata da ke kasuwa tun da farko. Ba shaida ba ce cewa an gwada ta a kan kaurin jijiyar ƙafa an ga ta warkar.

Ta fuskar haɗari, leza mai sanyi tana da sauƙi. Babban abin kiyayewa shi ne ido, dole ke da mai haskawa ku sa tabarau na musamman da aka yi don wannan haske, kuma cibiyar da ba ta ba ki shi ba ta nuna miki matsayin iliminta. Ba a haska wurin da ake zargin sankara, ba a haska cikin mai juna biyu, kuma idan kina shan wani magani da ke sa fata saurin ƙonewa a rana ki sanar da su. Wasu cibiyoyin suna amfani da na'ura mai ƙarfi fiye da miliwat 500 suna kuma kiran ta leza mai sanyi. Wannan tana ɗumama fata, kuma tunda yatsunki sukan mutu, kina iya ƙonewa ba ki ji ba, don haka ki tambayi wace iri ce suke da ita.

Abin da na fi so ki mayar da hankali a kai shi ne shawarar farko da likitanki ya ba ki, wadda na lura kin ambace ta a gurguje kamar ba magani ba ce. Sauya takalmi shi ne kaɗai matakin da ke taɓa tushen matsalar ba tare da yanka ba, amma mutane da yawa suna yin sa rabi da rabi sannan su ce bai yi aiki ba. Ki tsaya a kan farar takarda da nauyinki duka, a zana miki kewayen ƙafarki, sannan ki ɗora takalman da kike sawa a kan zanen ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda zanen ƙafar ya leƙo ta gefensa, to yana matse ki ko da ba kya jin haka, ki ajiye shi. Wanda kike buƙata shi ne mai faɗin gaba har yatsu su iya motsi a ciki, mai gajeriyar dunduniya, mai kaurin ƙasa da ɗan tauri don kada gaban ƙafa ya riƙa lanƙwashewa sosai a kowane taku. Takalmi shimfiɗaɗɗe mai siririn ƙasa ba shi ne mafita ba, domin yana barin kawunan ƙasusuwan su riƙa bugun daɓe kai tsaye, tafiya ba takalmi a kan siminti ko tayil ma haka take. Ki gwada sabon takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kina tsaye, kuma ki bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanki mafi tsawo da ƙarshen gaban takalmin.

Na biyu shi ne ɗan matashi mai siffar tudu da ake mannawa cikin takalmi don ya ɗaga tsakiyar ƙafa ya buɗa tsakanin ƙasusuwan. A nan ne aka fi yin kuskure, domin hankali yakan ba mutum ya sa shi daidai inda ke ciwo, hakan kuwa ƙara danne jijiyar yake yi. Wurinsa yana bayan inda ke ciwo kaɗan, ta ɓangaren dunduniya, dab da kawunan ƙasusuwan. Hanya mai sauƙi ita ce ki ɗiga ɗan tawada a daidai wurin zafin, ki taka shimfiɗar cikin takalmin don alamar ta fito, sannan ki manna matashin a bayan alamar. Kwanakin farko za ki ji shi baƙo, idan kuma zafi ya ƙaru to ki ɗan ja shi baya. Likitan ƙafa ko na gashin ƙashi zai iya daidaita miki shi, ko ya yi miki shimfiɗa ta musamman idan siffar ƙafarki tana buƙatar haka. A wurin aiki ki nemi damar zama ko na minti biyar ne bayan kowace awa, ki cire takalmin ki murza tsakanin yatsun, ki kuma rage tsuguno a kan yatsu saboda yana miƙe jijiyar har iyakarta. Da yamma ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti goma zuwa goma sha biyar tana kwantar da wurin. Miƙa tsokar sha-raɓa kullum yana rage nauyin da ke sauka a gaban ƙafa, rage ƙiba ga mai ita ma haka. Magungunan rage kumburi irin su ibufurofen suna taimakawa a ranakun tsanani, amma ba na sha kullum ba ne, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko hawan jini kada ya sha su sai da izinin likita. Ki ba wannan tsari wata biyu zuwa uku cikakku, kullum, ba tare da komawa ga tsohon takalmi ranar fita ba.

Game da allurar da kike tsoro, bari in faɗa miki yadda take don tsoron ya zama daidai girman abin. Ana haɗa maganin kumburi na sitiroyid da maganin kashe zafi, a shigar da siririyar allura ta saman ƙafa inda fata take da laushi, sau da yawa ana kallon jijiyar a na'urar sikanin, kuma duka aikin mintoci kaɗan ne. Tana da amfani biyu. Idan zafin ya ɗauke nan take bayan maganin kashe zafi ya shiga, an tabbatar daga wannan jijiyar yake fitowa. Sannan maganin kumburin yakan ba da sauƙi na makonni zuwa watanni, wasu ma ba sa sake buƙatar komai idan sun riƙe gyaran takalmi. Ita ma ba ta cire kaurin, kuma ba a yawaita ta, domin maimaitawa tana iya zaizaye kitsen da ke kare tafin ƙafa, ta raunana tantanin gindin yatsa, ta kuma bar farin tabo a fata wanda ya fi fitowa fili ga mai duhun fata. Mai ciwon sukari zai ga sukarinsa ya hau na 'yan kwanaki. Duk da waɗannan, hujjar da ke bayan allurar a kan wannan larura ta fi ta leza ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai wasu hanyoyin tsakanin allura da tiyata, kamar kashe jijiyar da zafin igiyar rediyo ko da tsananin sanyi ko da allurar sinadarin alkohol, waɗanda likitan ƙashi zai iya gaya miki ko sun dace da ke.

Tiyata ta waɗanda duk wannan bai yi musu ba ce bayan watanni. Ko dai a yanke tantanin da ke danne jijiyar a bar ta, ko a cire sashen da ya yi kauri. Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi mai ɗorewa, amma idan an cire jijiyar, gefen yatsun biyu zai zauna a mace har abada, kuma a wasu kaɗan kututturen jijiyar da aka yanke yakan sake yin kauri mai ciwo. Ke ba ki kai nan ba, kuma akwai kyakkyawan zaton ba za ki kai ba.

Idan bayan kin gyara takalmi na wata biyu har yanzu zuciyarki tana son ki gwada leza kafin allura, ba zan hana ki ba, amma ki yi shi bisa sharuɗɗanki. Ki fara riƙe ɗan littafi tun mako biyu kafin zaman farko, kowace yamma ki rubuta zafin ranar da lamba daga sifiri zuwa goma, ki kuma rubuta minti nawa kika yi a tsaye kafin zugin ya fara. Kada ki sauya komai a takalmi ko magani cikin lokacin gwajin, don ki san abin da ya kawo canji. Ki biya kuɗin kowane zama a ranarsa. An saba yin zama biyu ko uku a mako, kowanne na mintoci kaɗan, don haka cikin mako biyu zuwa uku za ki cika zama shida, kuma idan lambobin littafinki ba su motsa a fili ba zuwa lokacin, babu dalilin sa ran shida na gaba za su yi abin da na farko suka kasa. Ki tambaye su wane ne zai haska ki kuma wane horo yake da shi, ko zai duba ƙafar da kansa kafin ya fara, ko suna rubuta adadin hasken da suke bayarwa a kowane zama, da kuma abin da za su ce miki idan ba ki ji sauƙi ba. Mai aikin gaskiya zai amsa miki waɗannan cikin natsuwa, zai kuma yarda cewa ba kowa yake amfana ba. Idan suka dage sai kin biya duka, ko suka ce ki daina ganin likitanki, ki bar wurin.

Akwai alamun da ba a jira da su ko wane magani kike kai. Idan ƙafar ta kumbura ta yi ja da ɗumi, ko wani yatsa ya fara karkacewa ko ɗagewa daga ƙasa, ko zafin ya koma na dare da rana ko ba ki taka ba, ko mutuwar ta bazu ta wuce yatsun biyu, ko wani rauni ya fito a tafin ƙafar ya ƙi warkewa, ki koma asibiti cikin kwanakin nan. Ranar da za ki koma wurin likitanki, ki tafi da littafin nan da kuma takalman da kika fi sawa a wurin aiki, ki roƙe shi ya nuna miki da hannunsa inda matashin zai zauna. Allah ya ba ki lafiya.